Alwala a Gindin Gada

Da likita ya ce su koma gida kawai, tsohon ya roƙi abu ɗaya: a kai shi rafin Ƙanƙara, inda ya yi noman lambu kafin ya makance, ya yi alwala da ruwansa.

Ɗiyarsa ta yi masa jagora har gindin gada. Inda rake da tumatir suke a da, yanzu shaguna ne suka juya wa rafin baya. Ruwan kuwa ya zama baƙin zare, yana lallaɓawa tsakanin tsummoki da ledoji.

"Ya cika?" ya tambaya.

"Maƙil, Baba."

Ta huda ledar ruwan da ta ɓoye cikin mayafinta, ta durƙusa, ta tsiyaya masa a tafin hannu. Ya kurkure baki, ya daɗe bai furzar ba.

Sai da ya kammala alwalarsa tsaf, sannan ya ce, "Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Amma ko kwaɗo ɗaya ban ji ba. Jefa ledar ciki mu tafi. Ai nan kowa ke jefawa."