Fanka Ta Biyu

Hafizu mai gyaran wayar mota ya diro daga babur. Ga motar Kalilu tsaye a hanyar Mashi, inji na tafasa, shanun mutane da ya ɗauko na haki cikin rana. Makon jiya Hafizu ya cire mata fankar kamfani, ya ɗaura na lantarki biyu.

Kalilu ya daka masa tsawa: "Ka cuce ni! Saniya ɗaya ta faɗi, sai duk Daura ta ji sunanka!"

Hafizu ya leƙa lagireto. Fanka ɗaya ce ke juyawa.

"Yaya Kalilu, ina ɗayar?"

Kalilu ya kau da kai.

Hafizu ya buɗe ƙofar direba. Ga ta ɗaure saitin kujera, tana ta fifita.

Kalilu ya murtuke fuska. "To ni ba na jin zafi ne?"