Ƙwan da Ba Ya Shiga Aljihu

"Mun gama da matsalar aljihu," in ji shugabar ƙwararrun da aka turo mana, aka tafa mata.

Wata uku suka yi a makarantarmu suna gyara tsarin abincin rana. Sun zauna kan bencin yara, sun cika bangon ajina da takardu masu launi. Da suka lura yara na cusa dafaffen ƙwansu a aljihu, sai suka tambaye su dalili a gaban kowa.

"Mun ƙoshi ne," in ji yaran, kai a sunkuye.

Na san kunya ce: gida suke kai ƙwan. Amma ba a tambaye ni ba.

Sabon tsarin shi ne a soya ƙwan, a cinye a ɗakin abinci, a nuna faranti a bakin ƙofa.

Ranar farko, da aka tashi, na tare ƙaramar ɗalibata, wadda bakinta ba ya hutawa a aji.

"'Yar gidana, ya jikin ƙaninki, sarkin cin ƙwai?"

Ta dube ni, kumatunta a cike da soyayyen ƙwai, idanunta sun kawo ruwa. Ba ta tauna ba, ba ta haɗiye ba. Ta dafe bakinta, ta nufi gida da gudu.