Hannun Aro

"Ba zan je ba," in ji Doguwa.

Ƙawarta ta sake turo mata katin makaranta. Shekaranjiya aka yi wa ɗalibai allurar gwajin tarin fuka a hannu, yau za a duba. Duk wadda wurin ya kumbura, sai ta bar ɗakin kwana har a ɗauki hoton ƙirjinta. Na ƙawar kuwa ya tashi kamar harbin rina.

"Haba 'yar uwa! Nas ɗin nan hannu take kallo, ba fuska ba. Ki miƙa naki da katina, shi ke nan."

"Hannuna ba na aro ba ne."

"To, sannu uwar gaskiya!"

Kafin rana ta take, duk ɗakin an daina yi wa Doguwa magana, har bokitinta an fitar waje. Ta bi layi da nata katin, ta naɗe hannun riga.

Nas ta auna, ta ɗago kai. "Naki ya fi na kowa kumbura."

"Na sani."

Ranar ta rasa gado, ta rasa ƙawa. Da ta nuna musu hannun tun safe, da tausayinta za su ji. Ita kuwa gara a tsane ta.