Wayar Ta Ce Columbus

A shagon shayi na kasuwar Somaliyawa da ke Minneapolis, Guled direban tirela ya ajiye wayarsa gaban budurwarsa Sagal, manhajar gwajin zama ɗan ƙasa tana jero mata tambayoyi. Jibi ne jarrabawarta. Shi ya ci tasa tuntuni, ya ce don ita kaɗai ya sauke manhajar.

"Kina yin rantsuwar zama 'yar ƙasa zan turo kawunnaina gidanku," ya faɗa a hankali.

Kafin ta amsa, wayar ta tambayi babban birnin jiharta.

"Saint Paul," in ji Sagal, kuma daidai ta faɗa.

Wayar ta nuna ja, ta gyara mata: Columbus, babban birnin jihar Ohio.

Sagal ta ƙura wa sambusar gabanta ido. Manhajar ba ta san wata jiha ba sai wadda aka zaɓa mata. Kuma duk wata sai tirelar Guled ta kwana a Ohio.

"Shirmen waya ne," ya ce, yana kai hannu.

Ta riga shi dafe ta.

"Guled, ita budurwar taka ta can ta ci tata jarrabawar? Ko mu biyun kawunnan naka ke jira?"

Ya janye hannunsa, ya sunkuyar da kai kan shayinsa.