Ɗauka, Naka Ne

"Ɗauka, wallahi naka ne!"

Nagat na madafa ta jiyo muryar mijinta Shahata. Kowa a garinsu Damanhur ya sani, in baƙo ya yaba kayanka haka ake ce masa, shi kuma ya ƙi, a wuce wurin. Ban da Shahata. Shi da gaske yake, har gida yake kai wa mutum a kafaɗa yana washe baki. Rediyo ya tafi, darduma ta tafi, yau kuma fanka.

"Abu Ramzi, sai mun kwana a kan siminti za ka huta?" in ji Nagat.

"Haba Ummu Ramzi, ba ki ga yadda wanzami ya ji daɗi ba?"

Ranar ta kwashe sauran kayan kirki, har da keken ɗinkinta, ta kulle a ƙuryar ɗaki.

Ranar Laraba suna kasuwa tukunyar gas ta fashe, gidan ya ƙone ƙurmus. Tana zaune bakin titi tana kuka, ko kallon Shahata ba ta yi, sai ga maƙwabta a jere: wannan da rediyo, wancan da darduma, wanzami rungume da fanka.

Ta bi su da ido. Komai ya dawo, ban da abin da ta ɓoye.