Irin Wake Cikin Toka

Tsakiyar damina ce a Manchok, ina yarinya, rumbunmu ya kusa ƙarewa. Da la'asar na iske Mama a bayan gida da tulun irin wake, wanda take cakuɗawa da toka saboda ƙwari. Tun safe kunu kawai muka sha.

Na ce, "Mama, ko mu shuka shi ko mu dafa. Masarar kowa ta kai ƙugu!"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta damƙi ƙasa ta matse, ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsunta. Ta shinshina, ta watsar.

"Ba yau ba. Wake in ya ƙoshi da ruwa, ganye zai haifa miki."

Na saki baki. Ruwan da muke roƙo a coci shi ne kuma abin gudu? Ta toshe tulun, ni kuwa cikina na kuka.

Da furfurata na koyi karatu, takardar malaman gona ta ce a shuka wake a Agusta. To, ruwan yanzu ina ya san Agusta? Bana na matse ƙasa, na shinshina kamar yadda Mama ke yi. Jikata ta ce, "Kaka, yau ne?"

Ni dai ƙamshin ƙasa kawai na ji.