Taswirar da Baba Ya Ƙi Karɓa

Ina shekara tara Baba ya kai ni laburaren unguwarmu a Salford, ranar da hukumar gari za ta rufe shi. Ma'aikaciyar ta shimfiɗa mana tsohuwar taswirar garin bakin tekun da Baba ke bincike a kai. Ya aza yatsa ya ce, "Kin ga titin nan? Ruwa ya cinye shi."

Matar ta ce ya ɗauki taswirar, gobe shara za a kai ta.

"A'a, na gode," in ji Baba, yana jiran ta sake tayi kamar a gida.

Baturiya ba ta tayi sau biyu. Ta naɗe abarta.

Har yau abin na ƙona mini rai. Haba Baba, kunyar wa ka ji?